Warƙar da Gara ta Cinye

Bayan farin da ya karkashe shanu, gwamnati ta tura mu kwas na wata huɗu a ƙasar Sifen. Lokacin ina malamin dabbobi a Maigatari. Da na je Gumel yin sallama, mahaifina, wanda muke kira Malam, bai damu da sunan ƙasar ba, sai da wani ɗalibinsa ya ce ai ita ce Andalus. Nan take ya gyara zama.

Yana da wani littafin fiƙihu na rubutun hannu da ya gada, wallafar wani malamin Andalus. Gara ta cinye warƙa ɗaya a babin layya. Shekara talatin in karatu ya kawo gurin, sai ya cike da fahimtarsa, amma abin bai taɓa kwanta masa ba. Ya kwafe layukan da ke gaba da bayan giɓin, ya haɗa ni da goro.

"In ka je, ka nemi zauren babban malamin garin, ka ce ina gaisuwa."

Na ce, "To, Allah gafarta Malam."

Zaure kuwa! Salamanka gari ne na dutse ruwan ƙasa-ƙasa, in rana ta yi gora sai ya koma kamar zinariya. Akwai gadar da aka ce Rumawa suka gina, har yau ana bi. Manyan coci biyu, tsoho da sabo, manne da juna. Jikin bangon jami'ar duk jan rubutu ne, sunayen waɗanda suka sauke karatu tun ɗaruruwan shekaru. A ƙofarta kullum ka ga mutane sun ɗaga kai suna neman wani ɗan kwaɗo da aka sassaƙa a kan ƙoƙon kan mutum, wai ɗalibin da ya gano shi zai ci jarrabawa. Ni dai wuyana ya gaji ban gan shi ba. Kiran salla kuwa ban ji ko sau ɗaya ba. Goron ni na cinye abina.

Saura mako biyu mu taso, tafintanmu ya kai ni gurin wani tsoho mai koyar da Larabci a jami'ar, Kirista, taba a bakinsa. Raina bai so ba, gaskiya. Na miƙa masa layukan da Malam ya kwafe, ya duba ya yi murmushi, ya ce wannan irin rubutun mutanen dā ne. Bayan kwana uku ya miƙo min shafin da gara ta cinye, ya kwafo da hannunsa daga wani bugaggen littafi.

Da na dawo na faɗa wa Malam komai, har tabar. Ya karanta takardar sau biyu, ya ajiye, ya sake ɗauka.

"Na tsananta inda mai littafin ya sassauta," in ji shi. "Mutum nawa na hana layya da dabbar da ta halatta?"

Na ce ai wanda bai sani ba ba shi da laifi, a bar kaza cikin gashinta. Ya yi min wani kallo.

Babbar salla saura kwana ashirin. Ɗalibansa na dā sun zama limamai a Gagarawa da Ɗanzomo da ƙauyukan Sule Tankarkar. Na ce a aika musu wasiƙa, ya ce da bakinsa ya koyar. A bayan babur ɗina na riƙa kai shi, ya haura shekara saba'in, ƙafarsa na kumbura. Duk inda muka sauka sai su taso da gudu su durƙusa, su shimfiɗa masa buzu. Ba ya zama. A tsaye, gaban almajiransu, yake ce wa kowane limami, "Karatun da na ba ka a babin layya, na yi kuskure. Ɗauko littafinka."