Motar da na toshe wa hanci

Shekarun baya na yi wata wauta da har yanzu take hana ni ɗaga kai in na bi ta unguwar Birni. In faɗa tun wuri: wawan labarin nan ni ne.

Lokacin ina da garaji a Sabon Gari, kuma da ajina uku na lakwal, wato makarantar boko, ban ga wanda ya kai ni sanin ƙarfe a Damagaram ba. Abokina, wani Babarbare ɗan kasuwa, ya samo mota a hannun wani Anasara da zai koma gida. Ja ce, ƙirar Italiya, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. An ce don tsere aka ƙera ta, kuma ba a yi irinta da yawa ba. Yadda yake lallaɓa ta, ko 'ya'yansa ba su samu haka ba.

Ya kawo mini in duba. Na ɗaga kapo, murfin gaba, sai na ga taya kawai. Na ce, "Alhaji, an cuce ka, babu inji!"

Ya yi dariya har da hawaye. "Kai mekanisiye, duba bayan kujera." Ashe a tsakiya yake, kamar zuciya.

Kunyar nan ce ta sa na ƙudura sai na nuna masa gwaninta. Na hango wasu ramuka biyu a gefenta, bayan ƙofofi. Mu nan kuwa duk ramin da ke jikin mota toshe shi muke, saboda rairayi. Na ce a raina, Italiyawa sun iya fenti amma ba su san ƙasarmu ba. Na yanko kwano, na liƙe ramukan, na shafa ja. Ban gaya masa ba, ina jiran yabo.

Ashe ta nan take shan iska.

Washegari ya ɗauki hanyar Takieta. Kafin azahar shanu biyu suka jawo ta gida, injin ya ƙone ƙurmus. Ya aika Kano, ya aika Yamai, babu wanda ya taɓa ganin irin kayanta. Bai zage ni ba. Gara ma ya zage ni. Ya dai daina biyowa ta garajina, har Allah ya yi masa rasuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Na tsufa ina jujjuya abin. Ba rashin sani ne ya kashe motar nan ba, rashin tambaya ne. Tana nan a zauren gidansu a Birni, tayoyi sun ruɓe, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Bara na yi ƙarfin hali na je gaida matarsa. Na dubi motar, na ce, "Hajiya, wallahi don in kare ta daga rairayi na yi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ka kare ta, Malam. Tun ranar ba ta sake taka rairayi ba."