Zaren Awo Daga Gwandu

Ranar da Inna, uwar maigidana, ta zo daga Gwandu don ta ɗauki 'yata ta fari yaye, ina tsakar gida ina wanke tukunya, kuma ban ɗaga kai ba. Haka aka koya mini. Tukunyar nan ta sha wanki har ta gode Allah, don sai da na ji ƙarar motar ta ɓace a kan titi sannan na ajiye ta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. An sa mata ƙuli-ƙuli a hannu, an goya ta, ta tafi tana kallon awaki. Wannan rashin kukan ya fi komai ƙona mini rai, har yau in na tuna sai na ji haushinsa.

Ni 'yar Kalgo ce, gidan manoman shinkafa. Mu ma muna kunyar ɗan fari, ba ma kiran sunansa, ba ma yi masa wasa a gaban manya, amma tamu kunyar tana da sauƙi: in ba kowa, uwa takan ja ɗanta ɗaki ta rungume abinta. Dangin maigidana kuwa Fulanin Gwandu ne da suka zauna suka kama noma. Shanu sun ragu, filako, kunyar nan tasu ta gado, bai ragu ba. A wurinsu ɗan fari na kakanni ne. Uwa ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta cewa ta yi kewarsa, balle ta ce yaushe za a dawo da shi. Shi kansa maigidan ɗan fari ne, a Kambaza ya tashi wurin kakarsa, kuma in yana gaida Inna, shi yana kallon gabas ita tana kallon yamma. Aikin malamin gona ne ya kawo shi garinmu, ya aure ni, muka kama haya kusa da bakin titi.

Ni na ɗauka yaye 'yan makonni ne. Nono ya cika ya yi mini tsami, na sha jiƙo, ya ƙafe. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa a fadama, aka sussuke, ba wanda ya ce mini uffan. Maigidan yakan je Gwandu in wata ya ƙare, ya dawo da fura da man shanu, ni kuma in tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Mutanen gida lahiya?"

"Lahiya lau."

"Dut da yara?"

"Dut."

Iyakarta ke nan. In na ƙara tambaya sai ya jawo rediyonsa ya shiga neman tasha, kamar labarin duniya ya fi na gidansa gaggawa. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani. Kunya ce ta ɗaure masa baki tun yana yaro, aka manta ba a kwance ba.

Allah bai bar ni hannu sake ba. Na haifi namiji, na sake haihuwar wani, kuma waɗannan biyun ba wanda ya zo ɗaukarsu, don wa zai ɗauki fitina ya kai gidansa? Babban cin ƙasa yake yi. Duk inda na ga ya yi shiru a bayan randa, na san gini yake ƙwaƙula. Ƙaramin tun bai iya tafiya ba ya iya hawa, na taɓa tsintarsa a kan turmi yana miƙa hannu zai jawo kifin da na shanya. Daga asuba ina kan ƙafa: dama koko, wanki, raba faɗa, kwashe kashi, korar kajin maƙwabta daga shanyar shinkafa. Mace mai irin wannan aikin ya kamata in ta samu wuri ta zauna. Ni ban iya zama ba. In na zo zuba abinci sai in ga na jawo ƙaramin kwano na uku. In na ji akori-kurar masu albasa ta tsaya, waɗanda na san daga wajen Gwandu suke fitowa, sai in yafa mayafi in fita, in tsaya ina taya albasa ina leƙen cikin motar. Har suka gane ni, suna cewa ga mai tayi ba saye ta iso.

Da sallah mukan je Gwandu gaba ɗaya. Nan ne ake gwada ni. Zan shiga in durƙusa in gaida Inna, yarinyar tana maƙale a bayanta tana leƙena, ni kuma in kafa ido a kan tabarma. Ba zan ɗauke ta ba, ba zan ce ta girma ba. Wata shekara muna shiga ta ruga tana kira, "Inna, Inna, matar Kalgo ta zo!" Matan gidan suka kwashe da dariya, suna yaba wayonta. Ni ma na yi dariyar, sannan na ce zan zaga bayan gida, na je na tsaya jikin danga har idona ya washe.

Ina da keken ɗinki na hannu, cikin kayan aurena. Tunda an hana ni magana, sai na ce to bari in yi ɗinki. Maƙwabciyata tana da 'yar da aka haifa mako ɗaya da tawa, sai in kira ta in auna, in ɗinka rigar sallah, in naɗe in ba maigidan in ce, "A ba yaran gida." Shi ma ya karɓa kamar bai san wace ce yaran gidan ba. Abin da ban lissafa ba, 'yar maƙwabciyar gajeriya ce mai ƙiba, tawa kuwa ta ɗauko dangin ubanta, doguwa siririya. Ranar sallah na gan ta a cikin rigar: tsawon bai rufe gwiwa ba, faɗin kuwa da an sa ƙannenta biyu a ciki da sun shiga. Tana ta taƙama da ita a tsakar gida. Wata ƙanwar maigidan ta ce telan Kalgo dai da ido rufe yake yanka. Inna tana gefe tana kaɗin audugarta.

Da azumi ya zagayo, maigidan ya dawo daga Gwandu da ƙwaryar fura kamar kullum. A kan faifan da aka rufe ta akwai wani farin zare, irin na kaɗin Inna, an naɗe shi.

"Inna ta ce a ba ki wanga," in ji shi. "Ban san ko na mi na ba."

Na warware. Ƙulle-ƙulle ne a jikinsa, nan ɗaya, can ɗaya. Ban daɗe ina kallo ba na gane: daga bakin zaren zuwa ƙullin farko faɗin kafaɗa, na gaba tsawon hannu, na gaba ƙirji, ragowar kuma daga wuya zuwa ƙwauri. Na shiga ɗaki na riƙe zaren a tsaye daga ƙasa, na kintaci inda kan 'yata zai kai a jikina. Na yi kuka, na gode wa tsohuwar, kuma a lokaci guda na ji kamar in tafi Gwandu da ƙafa in yi mata rashin kunya. Don zaren ya gaya mini abu biyu: ta san abin da ke raina, kuma ba ta da niyyar dawo da ita. Tun daga nan kowane azumi zare yake zuwa, kowanne ya fi na bara tsawo. Riguna suka riƙa zama daidai, ni ce dai ban zauna daidai ba.

Abin ya kai mini iya wuya ne shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato. A shekarar aka kai 'yar maƙwabciyata firamare, aka ce ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne, ta kamo, aka ɗauke ta. Na gan ta ta dawo da allon kwali a rataye, uwarta tana yi mata faɗa ta ɓata riga. Faɗan nan na yi wa hassada. Ni ko tsawa ban taɓa yi wa tawa ba. Da maigidan ya dawo daga fadama na ce masa ina son a dawo da yarinyar.

Ya daɗe yana wanke ƙafa. "Ni ba ni iya buɗa baki ga Inna da zancen ga," ya ce.

"To ni ina da baki."

"Za a ce ba ki da kunya."

"A ce."

Na goya ƙaramin, na ja babban, muka hau mota. Duk hanya ina shirya magana mai daɗi, mai zagaye-zagaye, wadda za ta fara da makaranta ta ƙare da makaranta. Na tarar da Inna ita kaɗai a inuwar ɗakinta da mazari a hannu, yarinyar ta bi matan gida rijiya. Muka gaisa, muka sake gaisawa, na tambayi shanu, na tambayi gero, har tambaya ta ƙare. Maganar da na shirya ta gudu ta bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Inna, ɗiyata nika so."

Mazarin ya ci gaba da juyawa har ya tsaya don kansa. Na jira a kira mini taron dangi. Inna ba ta kalle ni ba, audugar take kallo.

"Mutumen ga naki," ta ce, don ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, "ranar da anka yaye shi anka kai shi Kambaza. In na tahi can gaisuwa, ta bayan danga nika leƙen shi. Ban san tsawonai ba sai da na ga yana duƙawa shi shiga ƙohwa. Ni ba wanda yat taɓa aiko mani da zare."

Na san a Kambaza ya tashi, tun kafin aure na sani. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa akwai wadda aka bari tana wanke tukunya ranar da aka tafi da shi ba.

"Wagga da kin ka gani," ta ce, "ita ɗai ta nis samu na goya daga wajenai." Ta naɗe zaren a jikin mazari. "Ki tahi da ita yau. In kin bari sai gobe, ba ni iyawa."

Ta tashi da kanta ta ɗaure kayan yarinyar a ɗankwali, rigunan da na ɗinka duka suna ciki, har da mai faɗin nan. Wannan karon yarinyar ta yi kukan da ba ta yi ba ranar yaye. Ta riƙe zanen Inna, sai da aka ɓamɓare yatsunta. Da muka kai ƙofa na waiwaya. Inna ta jawo wata ƙwarya mai tsabta tana wankewa, ba ta ɗaga kai ba.

Na samu abin da nake so, amma barci bai zo da shi ba. A Kalgo yarinyar ta ƙi tuwon shinkafa, ta ce kifi yana ƙarni, fura take so da nono. Ƙannenta suka ɗauke ta baƙuwa, suna ɓoye mata 'yan gwangwanayensu na wasa. Ta daina ce mini matar Kalgo, amma ba ta sa mini wani suna ba, in tana son abu sai ta tsaya kusa da ni ta yi shiru. Da la'asar takan zauna a bakin zaure tana kallon titi, daidai inda nake tsayawa in motar albasa ta zo. Sau da yawa na ce a raina gobe zan mayar da ita, gari ya waye in kasa.

Haka muka kai azumi. Na sayo atamfa, na kira ta ɗaki, na ninka zaren keke don ya yi kauri. Wannan ne karo na farko da zan auna ta da hannuna. Na fara daga wuya.

"Ba haka Inna ka yi ba," ta ce. "Daga kahwaɗa taka farawa."

Ta juya mini baya, ta miƙe, ta buɗe hannuwa ba tare da na ce ta buɗe ba. Na bi yadda ta ce, ina ƙullawa.

"In tana awo cewa takai, tsaya da kyau, uwarki ka son ta san inda kin ka kai."

Na tsaya da zaren a hannu. "Wace ta uwar taki?"

Ta waiwayo ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana ce ke fitowa da safe. "Ke mana."

Na ce ta je ta yi wasa, don kada ta ga fuskata. Da na natsu na sake yin wani awon irinsa, ƙulli bisa ƙulli, wanda za a kai wa Inna Gwandu. Sannan na fita tsakar gida. Doguwar rigar maigidan tana kan igiya, na wanke ta da safe. Na yanko zare mai tsawo, na fara daga kafaɗa.

Ranar da zai tafi na miƙa masa su biyun a kan faifai. Ya ɗaga gajeren, ya gane shi. Ya ɗaga ɗayan, ya yi ta warwarewa har ya taɓo ƙasa.

"Wanga dogon fa, na wa na?"

"Ka dai kai mata."

Ya dubi zaren, ya dubi igiyar shanya. Ya naɗe shi a hankali, ya sa a aljihun gaba, ya fita neman mota.