Bekbolat Aga, Wanda Ya Buɗe Ƙofar Kumbo

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa. Da hantsin ranar Laraba, 15 ga watan Oktoba, Allah ya yi wa Bekbolat Sarsenbayev rasuwa a gidansa da ke Jezkazgan, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana ɓoye mana. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ina asibiti ina duba wata tsohuwa ɗanka Nurtas ya kira ni. Cewa kawai ya yi, "Kuanish Aga, Baba ya tafi." Na ajiye abin awon jini na nemi kujera na zauna, sai tsohuwar ce ta koma tana tambayata ko lafiya.

Aga, yayana, ka san ni ban iya daɗin baki ba, kuma abu ba ya kwana a cikina. Na ga abin da jarida ta rubuta a kanka, wai tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya bayan doguwar hidima. Ritaya! Ba ritaya ka yi ba, cire ka aka yi, kuma ina tsaye kusa da kai ranar da ka aikata abin da aka cire ka dominsa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kai ne shugaban ayarin motocin da ke fita filin ciyawa su tarbi kumbo idan ya dawo da 'yan sama jannati daga tashar sararin samaniya. Kumbon ba namu ba ne, na masu hayar filin harbawa ne, mutanen cikinsa kuma daga ƙasashe daban-daban suke. Amma a ƙasarmu yake faɗowa, mu kuma muka san filin. Ni aka turo maka likitan ayari, ina sabon fitowa daga makaranta, sanye da farar riga mai guga. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Wannan rigar ta ɗaurin aure ce? Je ka nemo takalmin kirki, ƙanena, nan ba birnin Almaty ba ne." Tun daga ranar ba ka kirana Likita sai in za ka yi mini tsiya.

Jarirai kake kiran mutanen da muke tarba. Kakan ce duk wanda ya yi watanni a sama jariri ne idan ya sauko: bai iya tsayuwa, bai iya riƙe wuyansa, sai an ɗauke shi. Manyan mutane masu digiri da lambobin yabo, haka kake rungumo su ɗaya bayan ɗaya ka zaunar a kujera ka lulluɓa musu bargo. Ban taɓa ganin ka duba tutar da ke kafaɗar mutum kafin ka miƙa masa hannu ba. Kullum akwai reshen jusan a aljihun rigarka, ciyawar nan mai ɗaci da ƙamshinta ke cika filinmu. Da an fito da mutum sai ka murje ganyen ka kai masa hanci, ka ce ya shaƙa ya san ya dawo duniya. Na ga ƙattin da suka jure watanni a cikin gwangwani sun fashe da kuka saboda wannan ɗan ganye.

Daga baya abubuwa suka lalace. Masu kumbon da abokan hulɗarsu na ƙetaren teku suka ɓata, a kan wani abin da ba shi da alaƙa da sama ko kaɗan. Wannan ya ƙaƙaba takunkumi, wancan ya rama. Majalisun ƙasashen biyu suka zaftare kasafin aikin, kowa yana cewa ba zai ciyar da abokin gaba ba. Jiragen sama masu saukar ungulu da a da suke cika mana kunne ranar sauka suka ragu, don kowane ɓangare yana jiran ɗayan ya sayi mai. Motocinmu kuwa da faci suke tafiya. Sai kuma aka fito da sabuwar doka: ba za a buɗe ƙofar kumbo ba sai wakilan ƙasashen biyu suna tsaye a wurin, domin kowa na zargin ɗayan zai leƙa masa na'urori. Ranar da aka karanta mana dokar, gemunka kawai ka shafa.

A cikin wannan halin ne mutum biyu suka taso daga tashar a watan Yuli: Arkadi, kwamandan kumbon kuma ɗan ƙasar masu shi, da Desmond, ɗan ƙasar ƙetare. Kujera ta uku babu kowa a kanta, rigimar ta cinye ta. Wani abu ya samu matsala a hanya, kumbon ya shigo da ƙarfin da ya wuce kima, ya faɗi can nesa da inda aka shirya tarbarsa. Ayarinmu ne ya fi kusa. Tun kafin mu hango laimar saukar muka hango hayaƙi. Ƙananan rokokin da ke tashi daf da taɓa ƙasa sun kunna ciyawa, ciyawar kuwa ta bushe ƙayau, ga iska.

Ka sa aka tsayar da motoci a wani faƙo mai gishiri inda babu abin da wuta za ta ci, muka ƙarasa da gudu. Kumbon na kwance a gefensa, baƙi ƙirin, zafi na tashi daga jikinsa kamar murhu. Wutar ta fara yin gaba ta bar shi, amma iska ta juya tana dawo da ita ta bayanmu. Eriyarsa ta ƙone, ba ma jin na ciki. Ka goge 'yar tagar da hannun rigarka muka leƙa. Arkadi ya ɗaga hannu, sa'an nan ya nuna mana na kusa da shi. Kan Desmond ya langaɓe, jini na bin hancinsa, leɓunansa sun fara sauya launi.

Oba-oba ta yi ƙara a kafaɗarka. Babban jami'i ne daga cibiya.

"Sarsenbayev, ka tsaya inda kake. Wakilai suna hanya."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, wuta ma tana hanya, kuma ta fi su sauri."

"Wannan umarni ne. Ka taɓa ƙofar nan, ka san abin da zai biyo baya. Ba ni kaɗai nake jin ka ba, ɓangarorin biyu suna kan layi."

Kowa a ayarin ya san abin da zai biyo bayan. Kana da 'ya'ya a makaranta, kana daf da samun ƙarin girma, kuma aikin nan shi ne rayuwarka gaba ɗaya. Ka juyo ka dube ni, hayaƙi na sa idonka ruwa.

"Likita," ka ce, kuma a ranar ba tsiya kake yi ba, "zai kai zuwan jirgi?"

Na ce, "Ba zai kai ba, Aga."

Ka danna oba-oba ka ce, "Ranka ya daɗe, nan ƙasar kakannina ce. Wanda ya faɗo a kanta baƙona ne, kuma a gidanmu ba a barin baƙo a bayan ƙofa." Ka cire ta ka miƙa wa direba. "Riƙe, ka riƙa ce masa to."

Ƙarfen ƙofar ya cinye safar hannunka tun kafin ka gama kwance ta. Na ji ƙaurin fata, na san taka ce, amma ko tsaki ba ka yi ba. Da ƙofar ta buɗe Arkadi ya riƙa ihu, "Shi tukuna! Shi tukuna!" Sai dai kujerarsa ce a tsakiya, dole shi aka fara jawowa, mutum biyu suka yi gaba da shi. Kai kuwa ka cusa kanka ciki har ƙugu, ka kwance ɗamarar Desmond, ka jawo shi, ka saɓa shi a bayanka da kayan samansa da komai. Wutar ta riga ta shiga tsakaninmu da motoci ta gefe guda. Ina biye da kai ina jin tarinka, ba na ganin komai sai ƙafafun mutumin suna reto. Yadda muka kai faƙon nan, har yau ban sani ba.

Na yi abin da zan iya, Allah kuma ya yi nasa, numfashin ya dawo. Sai ga ka ka durƙusa, ka zura wannan hannun da ya saɓule a aljihu, ka ciro jusan ka kai masa hanci. Ya buɗe ido. Ka ce, "Barka da sauka, jariri."

Da jirgin ya iso, wutar ta riga ta lashe wurin da kumbon yake. Wakilan suka sauko, kuma tambayar farko da na ji daga bakinsu ita ce wa ya shiga ciki, me kuma ya taɓa. Ba wanda ya dubi hannunka. Shekaru ƙasashen nan biyu ba su yarda da juna a kan komai ba, amma a kanka bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ta ce ka karya yarjejeniya, waccan ta ce ka taɓa ɗan ƙasarta ba da izinin likitanta ba. Namu kuma, da suke tsoron kada haya ta tsaya, suka sunkuyar da kai suka sallame ka. Wannan abin ya tsaya mini a rai har yau, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na huce ba.

Kai ne ka huce. Ka koma kiwon dawaki, yatsunka ba su sake naɗewa daidai ba, sai da hannu biyu kake riƙe kwanon shayi. Duk zuwan da na yi ina kumfar baki, sai ka tura mini farantin nama ka ce, "Ci, ƙanena, surutu ba ya ƙosarwa. Mutumin nan da muka ciro an ce ya yi jika, ko?" Amma Jenge Ulbosin, matarka, ta gaya mini duk ranar da za a yi sauka sai ka fita bayan gari kai kaɗai, ka tsaya kana kallon sama, reshen jusan a aljihu.

Ranar Juma'a aka yi jana'izarka, bayan na nesa sun iso. Ban zaci zan ga Desmond da Arkadi ba, sai ga su. Desmond ya yi furfura, yana ɗan ɗingishi. Arkadi kuma, wanda har yanzu yake horar da matasa a can ƙasarsu, ya zo ba da izinin kowa ba. Tun bayan waccan ranar ƙasashen biyu suka daina tafiya sama tare, aka kuma ja wa kowannensu kunne kada a gan shi da ɗan'uwansa. Ga manyan ofis sun zo da ƙaton furanni da mai ɗaukar hoto. Mutanen biyu suka tsaya, wannan a wancan ƙarshen tsakar gida, wancan a wannan, ba mai kallon wani. Da liman ya tambayi jama'a wane irin mutum ne kai, aka amsa baki ɗaya, "Mutumin kirki ne." Har wanda ya sa hannu a sallamarka na ji muryarsa, sai da na ciji leɓena.

Da aka zo ɗaukar makara Desmond ya tako gaba. Baffanka Oralbek Ata ya tare shi da sanda, ya dubi Nurtas ya ce, "Wannan ba dangi ba ne, kuma ba musulmi ba ne." Sai muryar Jenge ta fito daga bakin ƙofa, inda mata suke.

"Ata, ku yi haƙuri. Mijina ya goya mutumin nan a cikin wuta, bai tambaye shi dangi ko addini ba. Ku bar shi ya ɗauki rabonsa."

Sai tsohon ya janye sandarsa. Desmond ya sa kafaɗa a gaba ta dama. Ta hagu ba kowa tukuna. Mai hoto ya ɗaga na'urarsa. Na ga Arkadi ya dubi na'urar, ya dubi manyan ofis, kuma na san lissafin da yake yi, don na taɓa ganin wani ya yi irinsa a bakin wata ƙofa. Ya ratsa tsakar gidan nan kowa na kallo, ya sa kafaɗarsa. Ina bayansu na ji ya ce wa Desmond a hankali, "Ɗaga da kyau, ya fi ka nauyi." Desmond ya yi wata irin dariya wadda ta ƙare da kuka. Haka suka fita da kai, Aga, kafaɗa da kafaɗa. Abin da zai samu Arkadi idan ya koma, ban sani ba, shi ma bai sani ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Jenge Ulbosin, da Nurtas da ƙannensa Aigerim da Sanjar, da Oralbek Ata da dukkan dangi, da abokan aikinmu na ayari, waɗanda ke raye da iyalan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya albarkaci abin da ya bari.

Ya Allah, ga bawanka Bekbolat ya zo maka baƙo, bai iya tsayuwa da kansa, sai da aka ɗauko shi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haramta wa wuta hannayen nan da suka riga suka ƙone saboda wani bawanka. Idan ya iso ƙofar rahamarka, ya Ubangiji, ka buɗe masa, kada ka bar shi yana jira.

Kuanish Seitkali
Jezkazgan