Jan Zare da Koren Zare

Malam Yahuza ya sauka Abuja daga Malumfashi a shekarar 2001, da buhu ɗaya cike da littattafan soyayya na Kano. Ya kafa teburinsa a tashar Utako, kusa da layin motocin Arewa, kuma nan yake har yau. Ba ya tambayar matafiyi wane littafi yake so. Sai dai ya ce, "Ina za ki, Hajiya?" Mai zuwa Kaduna littafi ɗaya ya ishe ta, mai zuwa Maiduguri sai na ɗaya har na uku. Ya san kowane labari har sunan kakar jarumi, shi ya sa direbobi suka laƙaba masa Farfesa.

Abu ɗaya yake ɓoyewa: bai iya karatun boko ba. Matarsa Kubra ke karanta masa a gida, in sun gama ta ɗaura ɗan zare a gindin littafin, ja ga mai sa kuka, kore ga mai ƙarewa da biki. A ganinsa, ranar da tasha ta gane, sunan Farfesa zai koma abin tsokana, ba kuma mai ƙara neman shawararsa.

Wata Laraba a watan Yulin 2008, Lukmanu, wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke saya wa mahaifiyarsa littattafai, ya zo da takardu biyu da ya bugo a shagon intanet. Wani baƙo ne mai suna Alexander ya zagaya tashar, ya koma ƙasarsu ya rubuta a shafinsa na intanet abin da ya gano game da littattafan Hausa. Lukmanu na karantawa yana fassarawa, direbobi suka kewaye shi.

"Na ɗaya, ya gano yawancinsu akwai soyayya a ciki."

"Ikon Allah," in ji Simon mai yankan tikiti. "Bincike ya yi zurfi."

"Na biyu, littafi na biyu yana ɗorawa daga inda na ɗaya ya tsaya."

Rakiya mai tuwo ta riƙe baki. "Oga Lukmanu, jirgi ya hawo don wannan?"

"Na uku, jarumar kullum kyakkyawa ce."

Yahuza ya fi kowa dariya. "Ka tambaye shi ko ya gano da takarda ake yin su."

Lukmanu ya juya shafi, bai duba abin da ke gaba ba. "Na huɗu, a Utako akwai mai sayarwa da ba ya duba sunan littafi, zare yake dubawa. Ina jin bai iya..." Ya haɗiye sauran, amma kowa ya ji.

Yahuza ya daskare, bakinsa a buɗe. Shekara bakwai yana rufin asirin nan, baƙon da bai yi minti goma a gaban teburinsa ba ya baza shi duniya. Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya.

"Wannan ma cikin binciken ne?" in ji Rakiya.

"Shi ne ya fi duka rashin amfani," in ji Simon. "Wa bai sani ba?"

Yahuza ya ɗago a hankali. "Kun sani?"

"Farfesa," in ji Simon, "ni nake karanta maka duk takardar da shugabannin tasha suka aiko. Kullum ka manta tabarau. Shekara bakwai, ko gidan tabaran ban taɓa gani ba."

"Zaren ma ni na raka Kubra ta sayo," in ji Rakiya, ta koma wajen tukunyarta.

Yahuza ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya yi mamaki sai shi.

Ana haka wata mata mai zuwa Yola ta tsaya tana leƙa teburin. Simon ya nuna Yahuza da biro. "Tambayi Farfesa, Hajiya."

Ta ce ba ta son abin da zai sa ta kuka a mota. Yahuza ya ɗaga littafi sama, a gaban kowa, ya juya gindinsa ya duba. Ja ne. Ya mayar, ya miƙa mata mai kore.