Kwalba Uku Cikin Safa

Ana sallame sallar Asuba muka bar Anka, ni da wani abokin aikina malamin lissafi da zai je ganin iyalinsa a Bukkuyum. Shi jaka guda ya rataya. Ni kuwa 'yar ƙaramar kula ce a cinyata, na rungume ta kamar jinjiri, domin a cikinta akwai kwalba uku ta allurar ciwon suga ta Inna, maganin wata uku. Ƙanwata ta yo waya ta ce wadda ke hannunsu ta zo gindi. Inna kuma ta rantse ba za ta bar ƙauyenmu da ke bayan Bukkuyum ba, ko da ɓarayin daji za su kwana a ƙofar gidanta. Rabona da ita tun kafin azumin bara. Saƙo nake bayarwa a kai mata, wannan karon aka rasa mai zuwa.

Mai kemis ya ja mini kunne sosai. Maganin yana son sanyi, amma kada ya daskare. In ya yi ƙanƙara ya mutu, ko ya narke daga baya ba shi da sauran amfani. Shi ya sa matata ta sa kowace kwalba cikin safa, ta ƙulle bakin, don kada gilashin ya taɓa ƙanƙarar da muka jera a ƙasan kular.

Abin dariya, a makon nan nake fama da 'yan ajina kan kalmomin sanyi a Turanci. Mutanen nan suna da sunan sanyin da ke saukowa daga sama kamar auduga, da na raɓar da ke kwana kan ganye ta daskare, da na ruwan da ke zuba rabi ruwa rabi ƙanƙara, har da na sanyin da ke cin yatsun mutum. Ina rubutawa a allo gumi na ɗiga daga haɓata, yara na kallona kamar mai ba su tatsuniya. Ni kaina ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ƙanƙarar da na sani ita ce ta leda, wadda ake saye a bakin tasha.

Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun masara a kan ƙafafunmu. Kusa da ni wani mai haƙar zinari ne daga Bagega, tafin hannunsa duk ya tsage, tun kafin mu fita gari ya yi barci a kafaɗata. Hanya kuwa ba a magana. Inda kwalta ta ƙare sai rami, inda rami ya ƙare sai shingen jami'an tsaro, a sauka a buɗe kaya. A kowane shinge sai an ce in buɗe kular, kowace buɗewa kuma ina jin sanyin yana fita kamar daga jikina ake zare shi. Gonaki da yawa a gefen hanya ba a ko share su ba. Babu mai hira a motar, kowa idonsa na daji.

Da hantsi muka iso mararrabar da ake karyawa zuwa Bukkuyum, muka tarar da motoci da babura a tsaye. An ce an ga motsi a gaba, ba mai wucewa sai sojoji sun dawo daga sintiri. Yaushe? Allahu a'alamu. Na girgiza kular, na ji ruwa yana ƙara a ciki. Abokin tafiyata ya lissafa da yatsu ya ce ƙanƙarar nan ba za ta kai azahar ba. Sai na tuna Kawu, ƙanen Inna, yana Gummi yana sayar da zoɓo da ruwan sanyi, yana da firiza mai aiki da hasken rana. Motar da ma Gummi za ta, muka sake hawa muka miƙe.

Gummi ta karɓe mu da zafin bazara wanda ke sa kwalta ta yi laushi. Kawu ya rasa inda zai sa mu don murna. Aka kawo hoce da fura mai nono, muka ci muka yi nak. Na miƙa masa kular na ce, “Kawu, maganin Inna ne, a ajiye mini shi a sanyi kafin hanya ta buɗe.” Ya karɓa da hannu biyu. Na jingina da bangon zaure don in huta kaɗan, sai barci ya yi gaba da ni.

Bayan azahar aka yo waya cewa an buɗe hanya. Kawu ya ja ni cikin shago yana fara'a, ya ɗaga murfin firizar. Ya kwashe zoɓon sayarwarsa kaf ya jibge a ƙasa yana hucewa, ya ba maganin 'yar'uwarsa wurin da ya fi ko'ina sanyi, can ƙasa jikin bango.

“Har safar na cire musu,” ya ce, “don sanyin shi shiga da kyau. Waccan ɗayar ce ƙullin ya gagare ni.”

Na ɗauko kwalba biyu. Sun yi tauri, ruwan ciki ya zama farin dutse. Ta ukun, wadda matata ta yi wa ƙullin da ko ni sai da haƙori nake kwancewa, na jijjiga ta a kunne na ji ruwa yana motsi. Na zauna a kan akwatin lemo. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da wa zan yi faɗa? Mutumin da a sana'arsa abin da ya fi sanyi shi ya fi tsada, ga cinikinsa na yini a zube a ƙasa saboda Inna. Da na yi masa bayani, sai ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya cika mana kular da sabuwar ƙanƙara, ya raka mu tasha, ya ce in ce wa Yaya ta yafe masa.

Daga mararraba zuwa Bukkuyum mota, daga nan abokin tafiyata ya yi gida, ni na hau babur. Ɗan acaɓan ba ya tsayawa ba ya waiwaye, mu ratsa yashi, mu ratsa busasshen rafi, kular na dukan haƙarƙarina. Mun wuce rugar Fulani da aka tashi, sai turakun shanu kawai. La'asar sakaliya na yi sallama a gidanmu, bayana kamar an yi mini duka.

Inna ta rame. Ta dube ni ta kawar da kai kamar yadda ta saba yi mini, ni ɗanta na fari, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Ƙanwata ta karɓi kwalbar, ta sa a 'yar tukunya, ta binne rabinta a jiƙaƙƙen yashin gindin randa inda suke ajiyewa. Na zauna na faɗa wa Inna duk abin da ya faru, na ce maganin wata uku na ɗauko, na wata ɗaya ya iso. Ina jiran ta yi salati.

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, “Wanga na wata guda ne?”

Na ce eh, Inna.

“To, ashe wata mai kamawa ina sake ganin ka.” Ta juya wajen ƙanwata. “In an yi waya da ƙanena a ce mishi Allah shi yi mai albarka.”

Washegari da hantsi na kamo hanya, kular ba komai a ciki sai safa biyu. Ramukan suna nan, shingayen suna nan, amma ba wanda ya ce in buɗe. Na shiga Anka gab da magariba, na kasa ko cin tuwo.

Abin da na koyo bai da yawa. In za ka ba mai ƙaunarka ajiya, faɗa masa har abin da ba ka so ya yi, kafin barci ya ɗauke ka. Ranar Litinin na koma aji na ci gaba da jera wa yara sunayen sanyin Turawa, sai dai da muka zo kan daskarewa ban buɗe littafi ba. Na riga na gaya wa shugaban makaranta zan nemi izini ƙarshen wata. Na kuma ce wa matata wannan karon kwalba ɗaya zan saya.