Ranar da Tukwanen Baba Saje Suka Kumbura

Ko na tsufa haƙorana sun zube ina tauna tuwo da dasashi, akwai ranar da ba za ta taɓa fita daga kaina ba: ranar da na je neman aure, tukwanen surukina suka kumbura a kan wuta. Tukwane fa nake gaya muku, irin manyan nan na biki, ba ƙosai ba. Ku gyara zama.

Lokacin ina kan ganiyar shaƙiyanci. Boko dai na leƙa, na kai aji uku na sakandare, sai ni da lissafi muka yi sallama, kowa ya kama gabansa. Abin da Allah ya ba ni shi ne baki. Daga tashar garinmu Zuru har unguwar Rikoto babu ɗan kabu-kabun da ban laƙaba wa suna ba, kuma sunan da na sa maka, ko uwarka sai ta koma kiranka da shi.

Ana haka aka fara wani ƙaton gini a bakin gari, zauren taro da shaguna, ginshiƙansa da gadojin rufinsa duk ƙarfe. Sai ga wani Oga daga Kaduna da injin feshi, yana neman samari marasa tsoron hawa sama. Ni da na girma a kan mangwaron mutane, ai nan take aka ɗauke ni.

Ranar farko Oga ya ce aikinmu shi ne kare ƙarfen nan daga gobara. Na ce, "Oga, ƙarfe kuma? Ko dai a Kaduna da rodi kuke girki?" Samari suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya kira mai walda, ya ajiye guntayen ƙarfe biyu, ɗaya tsirara, ɗaya an shafe shi da wani farin fenti mai kauri kamar kunun gyaɗa. Aka sakar musu wuta. Tsiraran ya yi ja, mai walda ya danna shi ya lanƙwashe kamar alewa. Shi kuwa mai fentin, ina kallo farin nan ya fara tashi, ya yi baƙi, ya kumbura, ya ƙara kumbura kamar burodin da aka cika wa yis. Oga ya kankare kumfar, sai ga ƙarfe a ciki a miƙe, ko gezau.

Ya ce, "Ka gani, mai baki? Ƙarfe ba ya ci da wuta, laushi yake yi. In ya yi laushi, rufin duka ya sauko kan mutane. Wannan fentin ba ya kashe gobara. Lokaci yake saya wa mutane su fita da ƙafafunsu."

Daga ranar na kama aikin da gaske. Mu kankare tsatsa, mu shafa jan fenti na ƙasa, ya bushe, sannan mu fesa farin, shafi kan shafi. Oga na bin mu da wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar mataji yana auna kauri. In bai kai ba, ka sake. Ka wuni a sama da takunkumi a hanci, ka sauko fari fat kamar an tono ka daga buhun fulawa.

To, a lokacin ina da mutuniya. Cocinmu ɗaya, tana cikin mawaƙa, kuma ita kaɗai ce in na jefa mata magana take rama mini da wadda ta fi zafi. Matsalar ita ce babanta. Tsohon soja ne, ya yi ritaya da igiya uku, duk unguwa Baba Saje ake ce masa. Mutumin nan ya bar bariki, amma bariki bai bar shi ba. Abin da ya koya a can shi ne, duk abin da ba ya motsi a shafa masa farin fenti. Duwatsun bakin hanya, gindin bishiya, akurkin kaji. Mutuniyata ta ce tun suna yara ba sa yarda su daɗe a tsaye wuri guda.

Kuma ba ya ƙaunar ganina. Yakan ce, "Wannan yaro bakinsa ya fi shi girma. Ni shekara bakwai na yi ina golmo a gonar surukina kafin a ba ni Mama. Shi me ya iya? Surutu." Golmo, ga wanda bai sani ba, noman da saurayi ke yi wa gidan budurwarsa ne a al'adar mutanenmu, shekara da shekaru, kafin a ce ya isa aure. Da ƙyar da roƙon Mama ya yarda dangina su zo gaisuwa. Amma ya gaya wa 'yarsa a fili: ranar zai dube ni da kyau, in ya ga babu hankali a tare da ni, magana ta mutu, kada a sake tayar masa da ita.

Ana saura 'yan kwanaki, ya aiko wai yana son bokitan da muka gama da su, zai riƙa tara ruwa. Na roƙi Oga ya ba ni, na kai masa da kaina. Akwai ɗan ragowar fenti a gindinsu. Na durƙusa na ce, "Baba, a kankare wannan a zubar tukuna, ba irin fentin gida ba ne."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ni za ka koya wa fenti? Na shafe bariki guda tun ubanka bai fara sa wando ba. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi na ba shi wuri.

Ranar gaisuwa muka zo da hantsi, ni da iyayena mata da Kawuna, wanda ya taso tun daga garin Danko bai karya ba, don ya ce ba zai ɓata cikinsa da koko ba alhali akwai akuya a gaba. Muna shiga gidan sai da na runtse ido. Fari ko'ina! Ƙofa fari, duwatsu fari, turmi ma fari. Baba Saje na zaune ƙarƙashin mangwaro da lambobinsa a ƙirji, ya miƙe wuya kamar ana fareti.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Kawu ya fara zuba yabona, abubuwan da ni kaina ban san ina da su ba. Baba Saje ya katse shi.

"Mene ne sana'arsa?"

"Yana aiki a babban ginin nan, suna shafa wa ƙarfe maganin wuta."

"Mai fenti ke nan. Ni ma ina fenti. Kyauta."

Amsoshi kusan goma suka zo mini bakin harshe, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Na hango mutuniyata ta bayan labule tana zare mini ido. Na haɗiye su duka.

Rana ta take. Ciki ya fara kiran ciroma, Kawu sai leƙen bayan gida yake. Babu ƙamshin miya, sai wani wari-wari kamar ana ƙona takalmin roba. Ni kuwa hancina ya san warin nan, na dai rasa inda na san shi. Kawai sai muka ji ihu.

"Wayyo Yesu! Ku zo ku gani! Tukunya na girma!"

Muka kwasa a guje. Abin da na gani a madafin nan, ko yanzu na tuna sai na riƙe ciki. Manyan tukwane uku a kan murhu, wuta na ci bal-bal, kowace ta yi wani baƙin gemu na kumfa tun daga gindi, yana tasowa yana tsagewa yana ƙara tasowa. Ta tsakiya ta koma kamar ƙaton kwaɗo. Ruwan ciki kuwa ko motsi, naman akuya na kwance abinsa kamar ya zo wanka. Mata sun ƙara itace sun ƙara, tukunya sai ƙiba take. A can saman wuyan tukwanen, inda wuta ba ta kai ba, na hango shi: fari tas.

Ashe da Mama ta tafi taron zumuntar mata a coci, Baba Saje ya dubi tukwanen ya ga baƙin hayaƙi, ya ce ba za a kunyata shi gaban baƙi ba. Ya kankare gindin bokitaina ya shafe bayan tukwanen duka. Mama ta dawo ta yi mita, ya ce mace ba ta san tsabtar soja ba.

Amma a lokacin babu wanda ya haɗa wannan da wancan. Wata ta fara addu'a da ƙarfi. Sai wata gwaggon mutuniyata ta tafa hannu ta ce, "Ni dai tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba. Wannan alama ce! Wani ya shigo gidan nan da abu a aljihu." Ta faɗa tana kallon Kawu.

Kawu, ga yunwa ga zargi, ya cire hula ya buga a cinya. "Mu? Mu muka zo da asiri? Ku tashi mu tafi! Ba a Zuru kaɗai ake haihuwar mata ba!" Iyayena mata suka fara gyara mayafi. Ina gani aurena na kama hanyar ƙofa.

Ni kuma a cikina dariya ce ta taru kamar ruwan Agusta. Ku fahimce ni, duk rayuwata ban taɓa samun dama irin wannan ba. Mutumin da ya shafe bariki guda! Ga jama'a, ga hujja tana kumbura a kan wuta. Kalma biyu kawai zan faɗa unguwar nan ta yi shekara tana dariya. Na buɗe baki, na juya wajen Baba Saje.

Ya riga ya gane. Yana tsaye ya ɓoye hannayensa a baya, amma na ga farin fenti a ƙumbarsa. Wuyan nan da ke miƙe ya sauko. Ban taɓa ganinsa ya zama tsoho ba sai ranar.

Sai kawai na ji na buga ƙafa a ƙasa, na ƙame, na sara masa.

"Baba, gwaji ya yi! A ba ni izini in nuna wa jama'a!"

Baba Saje ya dube ni kamar na haukace. Ban jira ba, na juya ga mutane. Na ce, "Gwaggo, babu asiri. Fentin aikinmu ne. Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da bai gwada sana'arsa ba. Na ce masa fentinmu na hana wuta taɓa ƙarfe, ya ce soja ba ya yarda da labari, sai ya gani da idonsa."

Na janye itacen, na karɓi wuƙa na kankare kumfar, tana zubowa kamar toka. Na ɗora tafin hannuna a jikin tukunyar da ta sha wuta tun hantsi. Mata suka yi ƙara. Ɗumi ne kawai, irin na ruwan wankan jariri. Na ce, "Kawu, taɓa ka ji." Kawu ya taɓa da yatsa ɗaya, ya sake taɓawa da biyar. Gwaggo ma ta matso ta taɓa, ta duba hannunta gaba da baya. Na ce musu duk ƙarfen babban ginin nan haka muka rufe shi, ranar da gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, rufin zai tsaya har kowa ya fita.

Sai na ji gyaran murya a bayana. Wuya ya koma sama.

"Haka ne," in ji Baba Saje. "Ni na shirya. Soja ba ya yarda da labari." Ya zagaya tukwanen hannu a baya kamar yana duba sabbin kurata, ya ƙwanƙwasa ɗaya. "Aikin yaron yana da kyau. Ya ci."

Aka ɓarke da guɗa da dariya. Mama kaɗai ba ta yi ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta girgiza kai. "To, Saje, tun da gwaji ya ƙare, sai ka shiga maƙwabta ka aro mana tukwanen da ba su je soja ba."

Ba mu ci abinci ba sai da la'asar. Kawu ya ci kwano uku ya yafe wa kowa. Kafin mu tafi Baba Saje ya ba da amsa gaban dangi: ya ba ni. Sannan ya ja ni bayan akurkin kaji.

"Yaro. Wannan magana."

"Wace magana, Baba?"

"Yawwa." Ya waiga wajen ƙofa. "Ƙofar gidan fa? Ita ma za ta kumbura?"

"Sai dai in kun dafa ta, Baba."

Ya kai mini duka da hularsa, amma na ga gefen bakinsa ya motsa. Golmona kuwa na yi shi, don ni na kankare tukwanen nan uku da yashi da soson ƙarfe har hannuna ya saɓule, yana zaune a kaina yana nuna mini inda na bari.

Kada ku ce na tona asirin surukina. Shi da bakinsa ya ba da labarin ranar sunan ɗanmu na fari, yana dariya har da hawaye, ya ce a duk sojojin da ya yi aiki da su babu wanda ya taɓa kare shi kamar mai fentin nan.

Har yau ina wannan sana'a, kuma bakina bai mutu ba, ku tambayi 'yan tasha. Amma ranar na koyi abin da Oga ya nuna mana da guntayen ƙarfe biyu, wanda na ɗauka zancen gini ne kawai. Babban mutum ma in wuta ta kama shi laushi yake yi, in kuwa ya faɗi, da duk na ƙarƙashinsa zai faɗi. In ka ga haka, kuma kai ne mai baki a wurin, kada ka hura. Ka rufe shi, kowa ya fita lafiya. Dariyar ba ta lalacewa, ni na ajiye tawa, kuma da surukin nawa muka yi ta daga baya.