Jaket ɗin Taƙlidi

Kafin in je Riyad ban taɓa zaton ƙasar Larabawa tana da sanyi ba, zafinta kawai ake ba mu labari. Sai da muka yi hunturun farko na ga ruwan famfo yana yanka hannu, yara suna tafiya makaranta tururi na fita daga bakinsu.

Maigidana gyaran janareto yake yi a wasu manyan sito da ke Sulai, can gefen gari inda babu abin da ke tare iska. Daga masallacin Asuba motar aiki take ɗaukarsa. Wata shekara sanyi ya shige shi a ƙirji, ya kwanta asibiti har muka tsorata. Da ya warke, mai kula da ma'aikata ya gaya masa cikin ladabi cewa in aka sake irin wannan kwanciya, da wuya a sabunta masa igama, wato takardar zama. Ga yara sun yi nisa a makaranta. Likita kuwa magana ɗaya ya yi: ya rufe ƙirjinsa.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Kuwait ba, kuma kasuwar Badaha ta cika da jaket ɗin fata irin ta matuƙan jirgin yaƙi. Ba irin ta sojojin da aka gani a titi ba ma, irin ta can da, ta zamanin yaƙin Bama, mai ruwan ƙasa da faffaɗan wuya. Matasa da magidanta kowa ya rataya tasa. Da sanyi ya sake kunno kai, wata Alhamis maigidan ya tafi shi kaɗai, ya dawo da ɗaya a leda yana murmushi.

Ya saka, ya tsaya a tsakiyar falo ya ɗan juya. Sai ƙyalli take, ga hoton gaggafa a kafaɗa.

"Maman yara, kin san abin da mai shagon ya ce? Ya ce wannan taƙlidi ce."

"Taƙlidi kuma, Malam?"

Nan ya gyara zama. Shi mutum ne da ya yi karatun zaure tun yana yaro, Larabcinsa na littafi ne, yana kuma ji da shi. Ya ce taƙlidi shi ne bin sawun magabata, yadda almajirin ilimi yake bin malaman mazhabarsa ba ya kaucewa. Saboda haka jaket ɗin taƙlidi ita ce wadda aka ɗinka a kan tafarkin masu ɗinkin farko, ba ƙari ba ragi.

Na ce masha Allah. Da na karɓa zan rataye, sai na ji tana ƙamshin sabon bokiti. Na rataye ta kawai, don ban san yadda fatar da aka jeme a Turai take wari ba.

Washegari maƙwabciyarmu ta shigo karɓar daddawa. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zariya, ta riga mu zuwa ƙasar da daɗewa, Anti muke ce mata har shi maigidan. Ya fito mata da jaket ɗin, ya maimaita karatun jiya. Anti ta yi dariya har ta dafa bango.

"Injiniya, taƙlidin masallaci daban, na Badaha daban. A kasuwa in an ce maka taƙlid, jabu ake nufi. Mutumin kirki ka samu, ya faɗa maka gaskiya, kai kuma ka yi masa godiya ka biya."

"Anti, kalmar tana cikin littafi."

"To littafin ne zai tare maka iskar Sulai? Ni fa na ga hoton ƙirjinka bara."

Wannan ta sa ya mayar da jaket ɗin cikin leda. Bayan La'asar muka ɗunguma mu uku muka koma Badaha.

Mai shagon wani dattijo ne ɗan Pakistan, gemunsa ja da lalle. Da Anti ta yi masa bayani, shi ma ya dara. Ya ɗaga hannu ya zagaya shagon da shi, ya ce duk abin da ke rataye a nan taƙlid ne, na ainihin sun tsufa tare da masu su. Sai dai kwaikwayo ma hawa-hawa ne. Ya share kan tebur ya shimfiɗa guda uku, Anti tana fassara mini, don Larabcin nasa ma a karye yake.

Ta farko ita ce tamu. Ya tsoma yatsa a kofin ruwa ya ɗiga mata, ruwan ya gangare kamar a kan lema. Ya juya bakin aljihu, sai ga zare fari a bayan abin da muke kira fata. Roba ce aka shafa a kan yadi. Gaggafar ma da gam aka manna ta, ya sa farce ya ɗaga mata fiffike.

Ta biyu ta fatar akuya ce, ba ta ƙyalli sosai. Ɗigon ruwa ya zauna ya bar duhu kaɗan, daga baya ya ɓace. In ka matse ta tana yin 'yan ƙananan layuka irin na bayan hannu. Bakin hannunta da ƙugunta saƙa ne, zif ɗin ƙarfe mai nauyi, shafinta na ciki kuwa siriri ne kamar na kaftani. Wannan kam warin majema take, har ta tuna mini da jakar da kakata take ajiye turare. Da maigidan ya saka ta, gaskiya ta karɓe shi. Sai da na sunkuyar da kai ina murmushi.

Ta uku da hannu biyu dattijon ya ɗago ta. Fatar tunkiya ce sukutum, an juya gashin ciki, wuyanta kamar matashin kai, da wasu maɗaurai biyu a maƙogwaro. Ya ce irin wannan ma akwai ta ƙarya, ya nuna mini in buɗa gashin da yatsa in leƙa gindinsa: in saƙa na gani, to ulun kanti ne aka liƙa, in fata na gani, tunkiya ce. Na leƙa, fata ce. Sai dai ɗinkin hammatarta bai kai na ta akuyar kyau ba, kuma hannu ɗaya ya ɗan fi ɗaya duhu.

"Malam, wannan ai buzu ne aka yi wa hannu," na ce.

"Shi ya sa ba zan saka ba. In shiga Sulai kamar ragon layya?"

"Ragon layya dai ba ya tari," in ji Anti.

Ya kafe a kan ta akuya. Ni ban iya jayayya a kasuwa ba, ko a gida ma ban cika yi ba. Na dai ce masa a hankali, shafin nan bai fi na rigar da sanyi ya kwantar da shi a cikinta bara kauri ba. Ya yi kamar bai ji ba, yana ta kallon madubi.

Ana cikin haka aka kira Magariba, aka fara jan ƙofofin shaguna. Dattijon ya dube shi ya ce kada ya cire, ya tafi masallaci da ita, in an kira Isha kuma ya tafi da ɗayar, sai jikinsa ya zaɓa. Mu ma muka nufi ɓangaren mata.

Mun riga su fitowa, muka tsaya a bakin shago. Iska tana ratsowa ta lungun nan kamar da gayya. Can sai ga shi yana tahowa, kyau dai kamar direban jirgi, amma hannuwansa biyu suna cikin hammata.

"Ya jiki, Injiniya?"

"Lafiya ƙalau. Alwalar ce da ruwan sanyi."

Bai rufe baki ba ya yi tari sau ɗaya, ƙarami. Dattijon ya aika aka kawo shayi da madara, muka zauna muna sha, yana ba mu labarin garinsu inda ya ce kowane gida akwai keken ɗinkin fata.

Da aka kira Isha, ni na riƙe masa buzun ya zura hannu. Sanyi ya ƙaru sosai a lokacin, har yatsun ƙafata sun daina ji. Da suka fito, tun daga nesa na hango ya buɗe zif, hularsa ta koma ƙeya, goshinsa yana naso.

"Da ƙyar na yi ruku'u," ya ce. "Kuma wani Basudane a sahu sai shafa mini kafaɗa yake."

"To a mayar da ita?" na tambaya.

Ya dubi ta akuyar da ke kan tebur kamar mai sallama da aboki a tasha.

"Bar ta dai. Tunda na riga na ɗumama ta."

Dattijon ya karɓi ta robar ya mayar kan rataya, aka daidaita, muka fito. A tasi maigidan ya cika kujerar gaba shi kaɗai, direba yana ta satar kallonsa.

Haka ya yi hunturun nan a cikinta. Abokan aikinsa suka sa masa Kyaftin, in ya sauko daga mota sai su ƙame su sara masa, shi kuma ya amsa. Kullum da Asuba ina kasa kunne in ji ko zai yi tari a kan matakala, sai dai in ji ƙarar takalminsa har ya fita. Ko mura bai yi ba.

Ranar da aka sabunta igamar, zafi ya riga ya fara shigowa, mun ma kunna fanka. Ya shigo da kwalin lemo a kafaɗa, jaket ɗin tana jikinsa har wuya, gumi yana bin gemunsa. Yara suka karɓi lemon suna tsalle. Na kawo masa ruwa mai sanyi na ce, "Kyaftin, a sauka haka nan, an iso."